Gidan Rumfa: Gidan Ƙasa Wanda Ya Haura Shekara 500

1. Abin da za mu karanta

Jama'a, yau za mu karanta labarin wani tsohon gida. Sunansa Gidan Rumfa, shi ne gidan Sarkin Kano. Yana cikin birnin Kano, yamma da mu. Wanda ya taɓa zuwa Kano fatauci ko cin rani, watakila ya wuce ta ƙofarsa.

To, me ya haɗa mutumin Miga da Gidan Rumfa? Abu biyu ne. Na fari, ƙasarmu a da tana ƙarƙashin Sarkin Kano. Can hakiman wannan yanki su ke zuwa gaisuwa, can kuma a ke naɗa su. A shekarar 1991 aka yanke Jihar Jigawa daga Jihar Kano, yanzu kuwa Miga tana cikin masarautar Dutse. Na biyu, da ƙasa aka gina gidan nan tun asali, irin wadda mu ke gina namu da ita. Amma gidajenmu da yawa ba su kan kai jikoki ba, sai su zube. Shi kuwa ya haura shekara 500, har yau ana zaune a ciki. Ya kamata mu san dalili.

2. Wanda ya gina shi

Sarkin da ya gina gidan sunansa Muhammadu Rumfa. Ya ci sarautar Kano daga 1463 zuwa 1499, watau shekara 36. Sarakunan da suka riga shi suna zaune ne can wajen dutsen Dala, inda garin ya fara. Shi kuwa ya fita daga matsin tsohon gari, ya zaɓi fili mai faɗi a wajen kudu, ya kafa sabon gida. Sa'an nan ya ƙara faɗin ganuwar birni. Kusa da gidan akwai wani tsohon gini da a ke kira Gidan Makama. Ana cewa nan Rumfa ya zauna kafin ya koma sabon gidansa. Yanzu an mai da Gidan Makama wurin ajiye kayan tarihi, kowa yana iya shiga ya gani.

Rumfa ya yi ayyuka da yawa ban da wannan. Shi ya kafa kasuwar Kurmi. Shi ya kafa majalisar manya tara, wadda a ke kira Tara ta Kano. A zamaninsa aka soma busa wa sarki kakaki, aka soma yi masa fifita da figini na gashin jimina. A zamaninsa kuma wani babban malami ya zo Kano daga ƙasashen Larabawa na yamma, sunansa Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarimu Almagili. Ya rubuta wa sarki littafi a kan yadda ya kamata mai mulki ya riƙe jama'a da adalci. Shi ne kuma ya ba da shawara aka gina masallacin Jumma'a.

Yaya muka san duk wannan, alhali babu wanda ya gani da idonsa a cikinmu? Mun sani ne domin an rubuta. Akwai wani tsohon littafi da a ke kira Tarihin Kano, an rubuta shi da Larabci, ya jera sarakunan Kano ɗaya bayan ɗaya, da ayyukansu. Kun ga amfanin rubutu ke nan.

3. Yadda aka tsara gidan

Girman Gidan Rumfa ya kai kamar eka 33. Ku ƙiyasta gona 33, ko wace eka guda, an haɗa su wuri ɗaya, an kewaye da katanga. Tsawon katangar a waɗansu wurare ya kai ƙafa 15, watau ya fi mutum biyu in ɗaya ya hau kan ɗaya. Gidan dogo ne, ya miƙe daga arewa zuwa kudu.

Manyan ƙofofinsa uku ne sanannu: Ƙofar Fatalwa, da Ƙofar Kwaru, da Ƙofar Kudu. Ta arewa aka fi shiga a zamanin da, gama ta nan gari ya ke, ta nan kuma masallaci ya ke. Ƙofar Kudu daga baya aka yi ta, amma yanzu ita kowa ya fi sani. A gabanta akwai babban fili, inda bisa al'ada a ke yi wa sarki jahi ran Hawan Daushe.

In kun lura, tsarin gidan ba baƙo ba ne a wurinmu. Gidan talaka yana da zaure inda a ke saukar baƙi, da shigifa, da cikin gida inda mata su ke, da turakar mai gida. Gidan sarki ma haka ya ke, sai dai kome an ninka shi. Maimakon zaure ɗaya, soraye ne bi da bi, daga wannan ka faɗa fili, daga fili ka faɗa wani soron. Ko wane soro da irin mutanen da su kan tsaya a cikinsa. Akwai Soron Giwa, akwai kuma Soron Ingila, inda sarki ya kan karɓi manyan baƙi. Gwargwadon kusancinka da sarki, gwargwadon nisan da za ka shiga.

A tsakiya cikin gida ya ke, wurin iyalin sarki. Baligi namiji ba ya shiga sai da dalili mai ƙarfi. Mata su ke tafiyar da al'amuran wannan sashe. Uwar Soro tana cikin manyansu, jakadu kuwa su ke kai saƙo tsakanin ciki da waje. A sassan waje, na kudu da na arewa, ma'aikatan sarki maza su ke zaune da iyalinsu. Shamaki shi ke da dawaki. Sallama shi ke yi wa baƙi iso. Kilishi shi ke da shimfiɗar sarki. Ɗan Rimi shi ma yana cikin manyansu.

A nan akwai abin da bai kamata mu ɓoye ba. A zamanin da, yawancin ma'aikatan nan bayi ne. Bayi su ke ɗauko ƙasa, su ke ɗebo ruwa, su ke noma gonakin sarki. Waɗansu an kamo su ne a yaƙi, an raba su da iyayensu. Saboda haka in mun ga kyan ginin, sai mu tuna da waɗanda suka sha wahalarsa, ko da ya ke ba a rubuta sunayensu ba. A 1936 doka ta soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa. Sarautun nan suna nan har yanzu, amma masu riƙe da su 'ya'ya ne kamar kowa.

4. Sarakuna suna sakewa, gida yana nan

A zamanin jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo aka kori Sarki Alwali, wanda shi ne na ƙarshe a sarakunan Haɓe na Kano. A 1807 mulki ya tabbata a hannun jama'ar Shehu, Malam Sulaimanu ya zama sarki. Tarihin Kano ya ba da labari cewa da fari bai shiga Gidan Rumfa ba, gama 'yan'uwansa sun hana, suna ganin gidan waɗanda suka yaƙa ne. Sai wani Bakano ya nuna masa cewa jama'ar birni da ƙauye ba za su ɗauke shi cikakken sarki ba muddin yana zaune a wani gida dabam. Ya nemi izinin Shehu, aka ba shi, ya shiga. Ashe a idon Kanawa gidan da sarautar ba su rabuwa.

Bayan Sulaimanu sai Ibrahim Dabo, daga 1819 zuwa 1846. Daga zuriyarsa sarakunan Kano suka yi ta fitowa tun daga lokacin. A 1851, zamanin ɗansa Usmanu, wani matafiyi Bajamushe ya zo Kano. Sunansa Barth, amma a ƙasashenmu ya kira kansa Abdulkarimu. An shigar da shi fada, ya rubuta abin da ya gani. Ya yaba da soron da sarki ya ke zama, da tsawon rufinsa, da manyan bakuna biyu na ƙasa da aka goge sumul, aka yi musu ado. Sarkin da ya gaji Usmanu a 1855, watau Abdullahi Maje Karofi, shi ya gina Ƙofar Kudu.

A watan Fabrairu na 1903 sojan Ingila suka ci Kano. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato. Waɗansu bayin sarki suka tsaya tsaron gidan har aka kashe su. Turawa suka naɗa Abbas, ya zauna a Gidan Rumfa kamar magabatansa. A zamanin Abdullahi Bayero, 1926 zuwa 1953, aka sake gina babban masallacin da ke jikin gidan. Ado Bayero ya zauna a ciki fiye da shekara 50, daga 1963 zuwa 2014. A zamanin sarakunan baya-bayan nan an sake gina sassa da yawa da siminti, an sa lantarki da famfo, an kuma buɗe makaranta.

Saboda haka kada wani ya zaci ko wane bango da a ke gani yau hannun maginan Rumfa ne ya ɗora shi. A'a. Bango ya kan tsufa a rushe shi, a tayar da wani a gurbinsa. Abin da ya daɗe shi ne wurin, da tsarin, da al'adar gyara. Ko wane sarki ya tarar da gidan a tsaye, ya gyara, ya ƙara nasa, ya bar wa na baya.

5. Yadda maginan da su ke aiki

Yanzu bari mu duba kayan da a ke gina irin waɗannan soraye da su. Za ku ga babu wanda ba mu sani ba.

*Tubali.* A kan haƙo jar ƙasa mai kyau, a zuba ruwa, a sa ciyawa, a tattake, a bar ta ta ruɓa kwanaki. Sa'an nan a mulmula tubali da hannu, gindi mai faɗi, kai mai tsini, a shanya a rana. In za a yi gini sai a jera su a tsaye, a cike tsakaninsu da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Ba a ɗora sabon jeri sai na ƙasa ya sha iska. Bango ya kan yi kauri ƙwarai a gindi, yana tashi yana sirancewa. Kaurin nan shi ke riƙe nauyi, shi ke kuma sa ɗaki sanyi da bazara, ɗumi da hunturu.

*Azara.* Daga giginya a ke samunta, a sare a tsaga ta a tsaye. Tana da ƙarfi, gara kuma ba ta cinta da sauƙi. Amma in an ɗora mata nauyin ƙasa, ba ta iya haye faɗin da ya wuce kamar ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwashe ba. To, yaya aka yi a ka rufe babban soro? Ga dabarar. Magini ya kan dasa azara a cikin bango, ta ɗan leƙo. Ya ɗaure wata a kanta, ta ɗan zarce ta fari. Ya lulluɓe da ƙasa, ya jira ta bushe, ya ƙara wata. Haka a ke yi daga bangon nan da bangon can, har su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo. In bakuna suka gitta juna a tsakiyar rufi, kamar yadda a ke ɗaure bakin guga, sai a ce ɗaurin guga. Irin bakunan nan ne Barth ya gani ya yaba.

*Makuba da laso.* Babban abokin gaban ginin ƙasa shi ne ruwa. Saboda haka a kan jiƙa ɓawon ɗorawa, a kwaɓa ƙasar yaɓe da ruwansa, shi ne makuba. Laso kuwa daga marina a ke samunsa. A kan kwashe katsin da ya kwanta a gindin karofi, a ƙona, a daka, a haɗa da gashin jima da ruwan dafara. In an shafe rufi da shi, ruwa ba ya ratsawa da wuri.

*Indararo da zanko.* Indararo shi ke fid da ruwa daga kan soro, ya zubar da shi nesa da gindin bango. Zankwaye kuwa su ne ƙahonin nan da a ke yi a kusurwoyin soro, su ke ba gini kwarjini. Bayan wannan sai zane a fuskar bango, kamar dagi, tun ƙasa tana ɗanya. Shi ya sa Hausawa su ke cewa, tun ran gini tun ran zane.

Duk da wannan ƙwarewa, babu laso ko makuba da ke dawwama. Damina tana cin nata ko wace shekara. Saboda haka sarakuna su ke da magina nasu, da shugabansu, aikinsu ke nan duba soraye da katanga da rani, su toshe tsaga, su sake yaɓe, kafin ruwa ya sauka.

6. Sheka da gandaye

Waɗanda suka tsara Gidan Rumfa ba su cike shi da gini ba. Sun bar manyan filaye masu itatuwa a gefunansa, a cikin katanga. Sunan irin wannan fili sheka. Mutum zai ce, ina amfanin barin fili a tsakiyar birni, inda kowa ke neman wurin gini? Amfaninsa da yawa. Itatuwa suna ba da inuwa, suna sanyaya iskar da ke shiga ɗakuna. Suna tare ƙurar hunturu. Suna raba cikin gida da hayaniyar gari, da idon masu wucewa. Ruwan sama kuma ya kan sami inda zai nutse, maimakon ya taru a gindin bango.

Gidan da ke da jama'a da dawaki masu yawa haka, sheka ba ta isa ta ciyar da shi. Saboda haka sarki ya ke da manyan gonaki a bayan gari, su a ke kira gandun sarki. Daga can a ke kawo gero da dawa, da harawar dawaki, da kayan lambu. A waɗansu gandayen har da gidan da sarki ya kan je ya huta. Akwai na Fanisau, garin da Ibrahim Dabo ya mai da sansaninsa, a can ne wani Bature mai suna Clapperton ya same shi a 1824. Akwai na Ɗorayi. Akwai na Nasarawa, inda aka binne sarakuna da dama, har da Ado Bayero. Daga waɗannan gidaje aka sami sunayen Hawan Fanisau, da Hawan Ɗorayi, da Hawan Nasarawa.

Birni ya yi ta girma har ya cinye gandaye da yawa. Gandun Albasa yanzu unguwa ce cike da gidaje, suna kaɗai ya rage. Wannan ya nuna mana fili in ba a tsare shi ba, gini ya kan cinye shi, in kuwa ya tafi ba ya dawowa.

7. Abin da za mu ɗauka

Ba mu da eka 33, ba mu da Shamaki. Amma muna da ƙasa, muna da hannu, muna da iyalin da ke kwana a ƙarƙashin rufinmu. Mu da ke zaune a bakin Kogin Haɗejiya mun fi Kanawa sanin ɓarnar ruwa. Ba mu manta da ambaliyar 2022 ba, da gidajen da suka faɗi a Jigawa, da mutanen da suka rasu. Ga abu huɗu da labarin nan ya ke koya mana.

1. Mu zaɓi wuri tun kafin mu aza tubali. Babu yaɓen da zai tare kogi in ya cika. Mu yi gini a kan tudu, mu bar fadama ga shinkafa da lambu. Mu tambayi dattawa inda ruwa ya taɓa kaiwa.

2. Mu yi gyara ko wace shekara. Da an gama kaka sai mu hau soro mu duba. Mu toshe tsaga tun tana ƙarama, gama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Mu share indararo, mu cike ramin da ke gindin bango, mu gyara wa ruwa hanyar fita. Kada mu kwana da yara a ɗakin da bangonsa ya jiƙe ya karkata.

3. Mu bar fili, mu dasa itace. Wanda ya sare giginya domin azara, ya binne ƙwallonta a madadi. Giginya tana daɗewa ba ta girma ba, watakila jikoki ne za su ci moriyarta, kamar yadda mu ma mu ke cin moriyar waɗanda kakanninmu suka bari. Haka ɗorawa, in babu ita babu makuba, babu daddawa.

4. Mu girmama maginanmu. In akwai tsoho a garinmu wanda ya iya bakan gizo, mu tura masa yara su koya. Tun da yanzu mun fara iya rubutu, mu rubuta abin da ya faɗa mana, kada ya tafi da shi.

Tambayoyi

1. Wane sarki ya gina Gidan Rumfa? Shekara nawa ya yi yana sarauta?
2. Faɗi sunayen ƙofofin gidan uku. Wa ya gina Ƙofar Kudu?
3. Don me Malam Sulaimanu ya nemi izinin shiga gidan?
4. Yaya a ke yin bakan gizo?
5. Mene ne sheka? Faɗi amfaninta biyu.
6. Daga 1499 zuwa bana shekara nawa ke nan?

Aikin rubutu

Kowa ya nemi gidan da ya fi tsufa a garinsu ko unguwarsu. Ya tambayi wanda ya gina shi, da irin itatuwan da ke cikinsa, da lokacin da aka yi masa yaɓe na ƙarshe. Ya rubuta amsar cikin layi biyar, ya kawo wa malami ranar aji mai zuwa, a karanta wa jama'a.